Jinin dasashi a bakin tsoho ba tsufa ba ne kawai

Jama'a masu kula da iyaye da kakanni, don Allah ku riƙa leƙa bakinsu. Tsoho ya goge baki ya tofar da jini sai a ce ai tsufa ne, haƙori ya fara girgiɗi shi ma tsufa, warin baki ya ƙi tafiya a yi shiru don kunya, alhali ciwon dasashi ne kuma ana maganinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2022 ta ce wajen mutum biliyan ɗaya ne ke fama da mai tsananin.

Abin da ya sa nake ta nanata maganar nan, masu bincike sun jima suna ganin alaƙa tsakanin ciwon da mantuwar da muke ce wa gigin tsufa. A 2019 mujallar Science Advances ta fitar da wani bincike inda aka samu alamun Porphyromonas gingivalis, ƙwayar cutar da ke cin dasashi, cikin ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu da cutar Alzheimer, wato wani nau'in gigin tsufa. Yadda ake zato, datti ne ke daskarewa a gindin haƙori, dasashi ya kumbura ya zama kamar gyambon da bai rufe ba, kullum ana tauna abinci ƙwayoyin cuta na samun ƙofar shiga jini, jiki ya yi shekaru yana fama da kumburi har abin ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Amma fa kar wani ya tafi ya ce na ce goge baki na warkar da gigin tsufa. Alaƙa aka gani. Maganin da aka gwada don toshe gubar ƙwayar ma bai ba da sakamakon da aka so ba a 2021. Kuma abin na iya zuwa ta baya, wanda ya fara mantuwa shi ne zai manta da buroshi, baki ya lalace, nan ne aikin ya dawo kanku.

To ku tsaya a kansu safe da kafin barci, buroshi mai laushi da man goge baki, minti biyu, in hannu na rawa ku goge musu da kanku a hankali ba da tsawa ba. Haƙoran roba a cire da dare a wanke. Mai ciwon suga da mai shan sigari su ne dasashinsu ya fi saurin lalacewa, a kai su wurin likitan haƙori ya kankare dattin da ya daskare, don buroshi ba ya fitar da shi.