Iyakar farashin makamashi da sauya kamfani a Birtaniya

Iyakar farashin makamashi tsari ne da hukumar Ofgem, mai kula da kasuwar iskar gas da wutar lantarki a Ingila da Sikotilan da Wels, ke taka wa kamfanoni burki da shi kan abin da za su karɓa daga magidanta. Majalisar dokoki ta zartar da dokarsa a 2018, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019.

Tun ƙarshen shekarun 1990 kowane gida a can ke da damar zaɓar kamfanin da zai sayar masa da wuta da gas. Wayar da ta shigo gidan da bututun gas ba sa canzawa, sunan da ke kan takardar biyan kuɗi kaɗai ke sauyawa. Sai dai jama'a da yawa ba su damu da sauya kamfani ba. Kamfanonin kuwa suka riƙa jawo sababbin masu saye da rahusa, suna tatsar tsofaffin da suka yi zamansu kan farashi mai hawa da sauka. Waɗannan aka so karewa.

Iyakar ba ta kan jimillar kuɗin da gida zai biya, ko da yake da yawa haka suka ɗauka. Abu biyu ta ƙayyade: farashin kowane yunit, da kuɗin kullum da ake biya ko da ba a kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba. Adadin da ake sanarwa lissafin gida ne mai matsakaicin amfani, wanda ya sha wuta fiye da haka zai biya fiye da haka.

A farko adadin fam 1,137 ne a shekara. Da tattalin arzikin duniya ya farfaɗo bayan korona, farashin gas na sari ya yi tashin gwauron zabi, mamayar da Rasha ta kai Yukren a Fabrairun 2022 ta ƙara dagula lamarin. Abin ya yi wa Birtaniya zafi ainun, domin galibin gidajenta da gas suke ɗumama ɗaki, kuma tashoshin da ke ƙona gas su ne kan ƙayyade farashin wuta. Iyakar ta tashi daga fam 1,277 a Oktoban 2021 zuwa 1,971 a Afrilun 2022. Da aka sanar da 3,549 na Oktoban 2022, gwamnatin Firaminista Liz Truss ta tsayar da shi kan 2,500, baitulmali ya cike giɓin. Daga lokacin Ofgem ta koma sabunta iyakar duk wata uku maimakon shida.

Nan tsarin ya juye. Kamfanoni kusan 30 suka durƙushe tsakanin 2021 da 2022, saboda suna saye da tsada, doka ta hana su sayarwa da tsada. Mafi girmansu Bulb, mai masu saye sama da miliyan ɗaya da rabi, sai da gwamnati ta riƙe shi kafin kamfanin Octopus Energy ya karɓa. Iyakar da aka yi don masu sakaci ta zama farashi mafi sauƙi a kasuwa, sauya kamfani ya kusan tsayawa cak. Sai a tsakiyar 2023 tayin tsayayyen farashi ya fara dawowa.

Mai son sauyawa yakan ɗauko bil ɗinsa ya duba yunit nawa ya sha a shekara, ya gwada tayin kamfanoni, ya ba da lambobin da ke kan mitarsa ranar sauyi. Yana da kwana 14 na fasawa, sauyin kuma kan kammala cikin kwanakin aiki 5. Tsayayyen farashi na shekara guda yakan zo da tarar fita kafin wa'adi, amma ba a karɓar tarar idan saura kwana 49 ko ƙasa da haka yarjejeniyar ta ƙare. Idan kamfani ya rushe ba a yanke wa gida wuta, Ofgem ce ke mayar da shi wani kamfanin, ragowar kuɗin gidan da ke hannun tsohon kamfanin kuma ba ya salwanta.