Ragar Bayanai a Auna Lafiyar Ruwan Teku

Ragar bayanai hanya ce ta adana ilimi a kwamfuta inda ake ɗaure kowane abu da abin da ya shafe shi, maimakon a jera lambobi a tebur kawai. Kowane bayani yana da gaɓa uku: abu, alaƙarsa, da abin da alaƙar ta kai gare shi. Misali: "samfur na 14, an ɗebo shi daga, Makoko", sannan "Makoko, yana cikin, tafkin Legas". Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar da ƙa'idar RDF ta rubuta irin waɗannan jimloli a 1999, da yaren tambaya na SPARQL a 2008, kuma tsarin ya shahara bayan Google ya fara aiki da shi a 2012. Masana muhallin teku suna amfani da ita wajen fitar da ma'aunan da duk wanda ya bi sawunsu zai samu sakamako iri ɗaya.

Dalilin buƙatarta

Ma'auni a nan lamba ce ɗaya da ke taƙaita halin ruwa, kamar yawan iskar oksijin ko yawan leda da roba a gaɓa. Dokar Tarayyar Turai ta 2008 kan muhallin teku ta kasa lafiyar teku gida 11, muradi na 14 cikin muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma yana neman ƙasashe su riƙa kai rahoto kan tsamin ruwa da gurɓatar gaɓa. A Najeriya, mai gaɓar teku kusan kilomita 853, bayanan suna warwatse. Cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Victoria Island, wadda aka kafa a 1975, tana da nata. Hukumomin NIMASA (sufurin ruwa) da NOSDRA (malalar mai) da NESREA (dokokin muhalli) da LASEPA (kare muhalli) ta jihar Legas kowa da nasa. Ga rahotannin tasirin muhalli da dokar 1992 ta wajabta wa manyan ayyuka, ga binciken jami'o'i. Kowanne da irin awonsa da yadda yake rubuta sunan wuri.

Yadda ake haɗa ta

Ana farawa da tambaya, ba da bayanai ba. A ce ana son sanin kaso nawa na tashoshin awo a tafkin Legas oksijin ɗinsu ya sauka ƙasa da miligiram 2 a lita da rani, iyakar da aka saba ɗauka a matsayin shaƙewar ruwa. Daga nan sai a zaɓi ƙamus na bai ɗaya: WoRMS don sunayen halittun ruwa, ENVO don nau'in muhalli, SOSA don bayanin awo, PROV-O don asalin bayani. Ba a ƙirƙiro sabon suna in akwai wanda duniya ta sani.

Kowane awo sai ya shiga da rakiyarsa: wurin da aka ɗebo ruwan, rana da sa'a, zurfi, ko teku na cika ne ko yana janyewa, na'urar da aka yi amfani da ita da ranar da aka daidaita ta, ɗakin gwajin da ya yi aikin. Awon da ya zo babu waɗannan ba a zubar da shi, amma ana yi masa alamar rauni don kada ya shiga lissafi. Lissafin ma'aunin da iyakarsa su ma ana rubuta su cikin ragar, tare da sunan takardar da aka samo iyakar. Ta haka idan sakamako ya ce ruwan Apapa ya lalace, mai musu zai iya bin zaren har zuwa kwalbar da aka ɗebo.

Inda aiki ke ɓaci

Kuskuren awo ya fi kowanne yawa. Wani ɗakin gwaji yana ba da adadin naitiret gaba ɗaya, wani kuma naitirojin da ke cikinsa kawai, kuma na farko ya ninka na biyu sau 4.43. Oksijin ma haka: miligiram 1 a lita daidai yake da maikiromol 31.25 a lita. In aka gauraya su ba a juya ba, ruwa mai kyau zai fito gurɓatacce.

Sunaye ma suna sauyawa. Karfasar da ta cika tafkin, Sarotherodon melanotheron, tsofaffin rahotanni sun rubuta ta a ƙarƙashin Tilapia, don haka kwamfutar da ba a faɗa mata ba za ta ƙirga kifi biyu. Tsofaffin taswirori sun dogara da tsarin nuna matsayin wuri na Minna, GPS kuma yana bin wani tsarin mai suna WGS84. Bambancin mita da dama ne, wanda ya isa ya ɗora tashar awo a kan tudu.

Babbar matsalar Legas ita ce yanayi. Tafkin yana haɗuwa da Tekun Atalantika ta mashigin Commodore, kogin Ogun kuma yana zuba masa ruwan daɗi ta arewa. Da damina, musamman Yuni da Yuli, da kuma lokacin da aka saki ruwa daga madatsar Oyan, wanda 'yan kasuwar Mile 12 suka san ambaliyarsa, gishirin tafkin yana raguwa ƙwarai. Da rani ruwan teku, mai gishiri kusan giram 35 a kilo, yana kutsowa ciki. Ciyawar da ke yawo a saman ruwa, wadda ta shigo ta Badagry a 1984, tana bin wannan sauyi: ta toshe hanyar kwale-kwale in gishiri ya yi ƙasa, ta mutu ta ruɓe in ya hau, ruɓewar kuma ta cinye oksijin. Kwatanta samfurin Yuli da na Fabrairu ba tare da alamar yanayi ba aikin banza ne. Hoton tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, wanda kowane ɗigon hotonsa ke wakiltar mita 10 a ƙasa, yana taimakawa, sai dai gajimaren damina da laka suna ruɗa lissafin ganye-ganyen ruwa.

Iyakar tsarin

Ragar ba ta cire hukuncin mutum, tana dai fito da shi fili. Ma'aunin TRIX na 1998, mai auna yawan sinadaran taki a ruwa, an tsara shi ne don Tekun Adiriyatik, AMBI na 2000 kuma don gaɓar Turai, inda yake auna gurɓata ta hanyar tsutsotsi da ƙwarin da ke cikin laka. Ɗora iyakokinsu kai tsaye a kan ruwa mai ɗumi da sauyin gishiri irin na Legas yana ba da sakamako mai kyan gani amma maras tushe, sai an sake daidaita su da halittun wurin. Haka kuma ragar ba ta cike gurbin wurin da ba a taɓa aunawa ba: in tashoshi sun taru a Apapa da Tin Can da kewayen Oko Baba, Epe da Badagry kuma suna da kaɗan, dole kowane ma'auni ya fito tare da adadin samfuran da aka gina shi a kai.