Mata da wa'azi a Ikilisiyar Metodis: tambayoyi da amsoshi

Shin hawan mata bagade sabon abu ne a Metodis?

A'a, da su aka faro tafiyar. Tun John Wesley, wanda ya kafa Metodis, yana yaro, mahaifiyarsa Susanna takan tara jama'a a gidanta da ke Epworth a Ingila ranar Lahadi da yamma, a lokacin da maigidanta ya yi tafiya Landan. Takan karanta musu wa'azi, ta yi addu'a tare da su, har masu zuwa suka kai kusan 200.

Shi kansa Wesley ya yarda mace ta yi wa'azi?

Da farko ya yi ɗari-ɗari. A 1761 Sarah Crosby ta je jagorantar ƙaramin aji, wato ƙaramin taron masu bi, a garin Derby, sai ta tarar da mutane kusan 200. Ba yadda za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, don haka ta miƙe ta yi wa kowa magana. Wesley bai tsawata mata ba. A 1771 Mary Bosanquet ta rubuta masa wasiƙa tana kare 'yancin matan da Allah ya kira, shi kuma ya amsa cewa akwai kira na musamman da ba ya bin ƙa'idar da aka saba. A 1787 aka ba Sarah Mallet izinin wa'azi a rubuce. A ganina, abin da ya sauya ra'ayinsa shi ne rayukan da ya ga suna tuba ta bakin waɗannan mata.

To me ya hana abin ɗorewa?

Wesley ya rasu a 1791. A 1803 babban taron ikilisiyar ya taƙaita wa'azin mata, ya ce ko mai kira na musamman ta tsaya kan 'yan'uwanta mata. Abin takaici ne, domin su ne suka ɗauki nauyin azuzuwa da ziyarar marasa lafiya. Wasu rassan da suka ɓalle dai sun ci gaba da tura mata wa'azi.

Ayoyin da ake kafa hujja da su fa?

Masu hanawa suna kawo 1 Korintiyawa 14:34 da 1 Timoti 2:12, inda aka ce mata su yi shiru. Masu goyon baya kuma suna nuna Galatiyawa 3:28, inda aka ce ba bambanci tsakanin namiji da mace, da Ayyukan Manzanni 2:17, inda aka ce 'ya'ya mata ma za su yi annabci.

Yaushe aka fara naɗa su fastoci da bishop-bishop?

Metodis na Amurka sun ba su cikakken matsayin fasto a 1956, na Birtaniya suka fara naɗa su a 1974. Marjorie Matthews ta zama bishop a 1980, Leontine Kelly ta biyo a 1984 a matsayin mace baƙar fata ta farko. A Afirka, an zaɓi Joaquina Nhanala a Mozambik a 2008, sannan a 2019 Metodis na kudancin Afirka suka zaɓi Purity Malinga ta shugabance su baki ɗaya.