Tiyatar rage ƙiba ba ta nufin an rabu da insulin

An daɗe ana cewa duk mai ciwon suga da aka yi wa tiyatar rage ƙiba ya yi sallama da allurar insulin. Ga masu nau'i na 2 akwai ƙamshin gaskiya: buƙatar insulin kan ragu tun kwanakin farko, wasu ma likita ya dakatar musu, ko da yake ciwon na iya dawowa bayan shekaru.

Nau'i na 1 kuwa daban ne. Jikin mai shi ba ya samar da insulin, kuma tiyatar tumbi ba ta gyara wannan. Awon insulin da yake buƙata kan ragu, amma insulin mai dogon aiki ba a barinsa ko da mutum bai ci komai ba. Nan ake yawan kuskure: cin abinci ya ragu, ga amai, sai a tsallake allura. Jiki ya koma ƙona kitse, sinadarin keton ya taru, jini ya yi tsami. Hakan na iya faruwa ko suga bai hau sosai ba, shi ya sa mai amai ya auna keton. In ya kai 1.5 mmol/L a jini, sai asibiti.

Ci gaba da tsohon awon insulin shi ma haɗari ne, domin suga na iya faɗuwa. In suga ya sauka ƙasa da 70 mg/dL, a sha giram 15 na gulukos, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda aka yi wa irin tiyatar da ake karkatar da hanji ya lura da awa 1 zuwa 3 bayan cin abinci: suga kan yi tsalle sannan ya faɗo.