Yadda kuɗin talabijin ya hargitsa wasannin jami'o'in Amurka: tambayoyi da amsoshi

Wai tsaya, wasan 'yan makaranta ne ake maganar biliyoyin dala a kansa?

Eh, wasan ɗalibai ne, amma ka cire hoton gasar makarantu da ka saba gani daga ranka. A Amurka ranar Asabar ta jami'o'i ce, Lahadi kuma ta ƙwararru 'yan NFL, kuma wasan da ake magana shi ne ƙwallon Amurka, wadda ake sa hular kwano ana ruga wa da ƙwallo a hannu. Filin jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 107,000, ya fi Wembley girma, kuma cika yake. Akwai jihohi irin Alabama da Nebraska da ba su da kulob ko ɗaya a NFL, to ƙungiyar jami'ar ita ce komai nasu, kaka ya kalla, uba ya kalla, jika ma a ciki aka haife shi. Duk inda ka ga ido ya taru haka to 'yan talla za su biyo, in 'yan talla suka biyo kuma gidajen talabijin za su buɗe jaka.

Mene ne waɗannan Big Ten da SEC da ake ta ambata?

Ka ɗauke su a matsayin lig-lig. Jami'o'i ne suke haɗuwa su goma sha wani abu su kafa ƙungiya, su riƙa buga wa juna wasa a ƙwallon Amurka da ƙwallon kwando da ƙwallon raga da guje-guje da ninƙaya da sauransu. A da maƙwabtaka ce take haɗa su, SEC ta kudu maso gabas ce, Big Ten ta tsakiyar arewa, Pac-12 ta gaɓar yamma wajen Kalifoniya, ACC ta gaɓar tekun Atlantika, Big 12 kuma ta su Texas da Oklahoma da Kansas. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, lig ɗin ce take sayar da haƙƙin nuna wasanni a dunƙule sannan ta raba kuɗin ga membobinta. Babu hawa babu faɗuwa irin wanda ake yi a Firimiya, ko ka fi kowa ƙoƙari a fili ba za ka shiga babbar lig ba sai an gayyace ka, gayyatar kuma shugabannin jami'o'i ne suke kaɗa ƙuri'a a kanta.

Tun yaushe talabijin ya samu wannan ƙarfi?

Tun 1984. Kafin nan NCAA, hukumar da take kula da wasannin jami'o'in Amurka, ita ce take riƙe da komai, ita take ƙulla kwantiragi da gidajen talabijin, ita take ƙayyade sau nawa za a nuna kowace makaranta, wai don tsoron kada mutane su zauna a gida su daina sayen tikitin shiga fili. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka ce sam ba su yarda ba, wasanmu ne, mu ake son kallo, don me za a ɗaure mu? Magana ta kai Kotun Ƙoli, alƙalai 7 cikin 9 suka yanke cewa tsarin NCAA ya saɓa dokar hana babakere a kasuwa. Daga ranar kowa ya samu damar sayar da hajarsa.

Notre Dame ce ta fara nuna wa mutane hanya, ta je ta yi yarjejeniyarta ita kaɗai da gidan talabijin na NBC aka fara nunawa a 1991, kuma har yau a ƙwallon Amurka ba ta cikin kowace lig. SEC ta ɗauko Arkansas da South Carolina, ta ƙirƙiro wasan ƙarshe na cin kofin lig a 1992, wanda shi ma haja ce ta talabijin. A 1996 tsohuwar lig ta Southwest ta mutu, huɗu daga cikin makarantunta suka tsallaka aka kafa Big 12, sauran aka bar su a baya. Cikin waɗanda aka bari har da Houston, jami'ar da Hakeem Olajuwon ya buga wa ƙwallon kwando bayan ya taso daga Legas, kuma sai 2023 sannan ta samu aka shigar da ita Big 12, ka lissafa, shekara 27 tana waje.

Wani babban juyi ya zo 2007 da Big Ten ta buɗe tasharta ta kanta tare da Fox. Lissafin a nan mai sauƙi ne, duk gidan da yake biyan kuɗin kebul a jihar da lig take da memba, ana yankar wani abu a kuɗin watansa a ba tashar, ko yana kallo ko ba ya kallo. Shi ya sa a 2014 Big Ten ta ɗauki Rutgers da Maryland, ba don sun gagara a fili ba, sai don ɗaya tana kusa da New York ɗaya kuma tana kusa da Washington, wato gidaje miliyoyi.

To nawa ake biya yanzu?

A Agustan 2022 Big Ten ta sa hannu da Fox da CBS da NBC na shekara 7 a kan kuɗi sama da dala biliyan 7. SEC kuwa tun Disambar 2020 ta sa hannu za ta bar CBS ta koma wa tashar wasanni ta ESPN gaba ɗaya, shekara 10 kusan dala biliyan 3 daga 2024, kuma wannan na manyan wasanninta ne kawai, kashin da CBS take biyan kusan dala miliyan 55 a shekara ya koma kusan miliyan 300. Big 12 ta samu kusan dala biliyan 2.3 na shekara 6 daga ESPN da Fox, abin da ya kama kusan miliyan 31 ga kowace makaranta a shekara. Sannan ga gasar fitar da zakara ta ƙasa, wadda aka faɗaɗa daga ƙungiya 4 zuwa 12 a 2024, ESPN ta saye ta dala biliyan 7.8 na shekara 6, kuma Big Ten da SEC su biyun nan kaɗai za su kwashi fiye da rabin kuɗin.

Idan ka sa kanka a kujerar shugaban jami'a, ga maƙwabcinka yana karɓar ninkin abin da kake karɓa duk shekara, yana sace maka koci, yana gina wuraren atisaye da ba za ka iya ba, yara masu hazaƙa duk can suke tafiya, to ranar da wayarka ta yi ƙara aka ce ka zo, da wuya ka ce a'a. Haka Texas da Oklahoma suka yi a Yulin 2021 suka nufi SEC, har suka yarda da asarar dala miliyan 100 don Big 12 ta sake su da wuri su fara a 2024.

Ita Pac-12 me ya kashe ta?

Wannan ce ta fi tsaya min a rai gaskiya, domin lig ce mai asali tun 1915, kuma babu wadda ta kai ta yawan kofunan NCAA in aka haɗa dukkan wasanni. Matsalarta ta farko agogo ne. Gaɓar yamma tana bayan gabas da awa 3, wasan da aka fara ƙarfe bakwai da rabi na dare a Los Angeles ko Seattle, a New York goma da rabi ta yi, yawancin masu kallo sun kwanta. Ta biyu kuma kuskuren shugabanci ne, a 2012 zamanin da Larry Scott yake shugabantar lig ɗin suka buɗe tasharsu, amma maimakon su haɗa hannu da wani babban gidan talabijin kamar yadda Big Ten ta yi da Fox sai suka riƙe ta su kaɗai, babban kamfanin talabijin na tauraron ɗan'adam DirecTV bai taɓa ɗaukarta ba, kuɗin da aka yi tsammani bai shigo ba.

Ranar 30 ga Yunin 2022 jami'o'in USC da UCLA, duk biyun a Los Angeles suke, suka sanar cewa sun tafi Big Ten. Babbar kasuwar lig ɗin kenan ta fita ƙofa a rana ɗaya. Sauran goman suka shiga neman sabuwar yarjejeniya ƙarƙashin shugaban lig ɗin na lokacin George Kliavkoff, rahotanni suka ce ESPN ta taya kusan dala miliyan 30 ga kowace makaranta su kuma suka nemi 50. Suna cikin jan ciniki sai Brett Yormark, shugaban Big 12, ya riga su, a Oktoban 2022 ya karɓi kusan wannan kuɗin da suka raina ya rufe nasa kwantiragin, to da Pac-12 ta waiwayo jakar ta riga ta tafi. Abin da ya rage a tebur shi ne tayin Apple, kallo ta intanet da biyan kuɗin wata, dala miliyan ashirin da 'yan kai ga kowace makaranta, sai in mutane sun yi rajista da yawa sannan a ƙara.

Colorado ta fara fita ƙarshen Yulin 2023. Ranar Juma'a 4 ga Agusta Oregon da Washington suka tafi Big Ten, a ranar dai Arizona da Arizona State da Utah suka bi Colorado zuwa Big 12. Abin da zai nuna maka tsananin tsoron a bar mutum a baya, Oregon da Washington sun yarda su shiga da kaso ragagge, kusan miliyan 30, wajen rabin abin da tsofaffin membobi suke samu. Ranar 1 ga Satumba Stanford da Cal suka faɗa ACC, su ma da ɗan kaso, makarantu biyu da suke kallon tekun Fasifik yanzu suna lig mai sunan Atlantika. SMU ta Dallas ma da ta shiga tare da su ta haƙura da kuɗin talabijin na shekara 9, attajiran tsofaffin ɗalibanta suka ce za su cike giɓin. Daga 12 aka koma 2, Oregon State da Washington State.

Me ya hana ACC tarwatsewa irin haka?

Takarda. Membobinta sun sa hannu sun miƙa wa lig haƙƙin nuna wasanninsu na gida har 2036, lokacin da kwantiraginsu da ESPN zai ƙare, ma'ana ko ka fita kuɗin wasanninka ACC ce za ta ci gaba da karɓa, to wa zai ɗauke ka? A 2016 da aka tsawaita ta an ga kamar kwanciyar hankali ce, daga baya ta zama mari a ƙafa. Florida State ta ci wasanninta 13 duka a 2023 amma aka ƙi sa ta cikin huɗun da za su nemi kofin ƙasa, kafin watan Disamba ya ƙare ta maka ACC a kotu, Clemson ta biyo a Maris ɗin 2024. An sasanta a Maris ɗin 2025, yanzu wanda aka fi kallo shi zai fi samun kaso, kuɗin fita kuma zai riƙa sauka har ya kai kusan dala miliyan 75 wajen 2030.

Su 'yan wasan da suke karya ƙashi, suna ganin wani abu?

Shekaru da dama ba sa ganin komai sai tallafin karatu da abinci da wurin kwana, koci yana karɓar miliyoyi amma yaro in ya karɓi kuɗin sa hannu a riga sai a dakatar da shi. Wannan zalunci ne, ba ni da wata kalma. Daga 1 ga Yulin 2021 aka ba su damar cin kuɗi da sunansu da hotonsu ta hanyar talla. Sai Yunin 2025 alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun ƙarar House, wadda 'yan wasa suka kai NCAA, za a biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8, kuma kowace makaranta za ta iya raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Gyara ne mai kyau, sai dai shi ma ya ƙara wa makarantu yunwar kuɗin talabijin, tunda yanzu ga sabon nauyi na miliyan 20 duk shekara, kuma yawancinsa ga 'yan ƙwallon Amurka da 'yan kwando maza yake tafiya.

To wa ya fi cutuwa a wannan canje-canje?

Wanda ba a tambaye shi ba. Ƙwallon Amurka sau ɗaya ake bugawa a mako, wasa 12 a kaka, kusan rabi a gida, tafiyar kuma a jirgin shata. Amma shawarar da aka yanke saboda ita ta ja kowa da kowa. Yarinya 'yar ƙwallon raga a UCLA da a da take zuwa Arizona ko Oregon ta dawo, yanzu za ta iya samun kanta a hanyar Rutgers a New Jersey, kusan kilomita 4,000, agogo ya canza da awa 3, ga lakca ga jarabawa suna jiranta, iyayenta da suke tuƙa mota su je kallonta kuma sai dai su kalla a waya. Ita fa ɗaliba ce da gaske, ba NFL take jira ba, digirin nan shi ne abin da za ta fita da shi.

Sai magoya baya. Wasan hamayyar Oklahoma da Oklahoma State da ake bugawa tun 1904 ya tsaya bayan na 2023. Texas da Texas A&M sun daina haɗuwa daga 2011 har sai 2024 da kuɗi ya sake haɗa su a SEC. Oregon State da Washington State kuwa ba su yi laifin komai ba, garuruwansu Corvallis da Pullman ne ƙanana, babu yawan akwatunan talabijin a wurin, shi kenan dalilin. Sai da suka je kotu sannan suka riƙe ragamar lig ɗin da dukiyarta, suka fara tattaro su Boise State da Fresno State da San Diego State da Colorado State da Utah State da Texas State, da Gonzaga wadda ba ta buga ƙwallon Amurka, don a sake tashin Pac-12 a 2026. Sunan ya rayu, amma kuɗin da za su samu bai kama ƙafar na da ba.

An gama kenan, ko akwai wani zagaye?

Ni dai ban ga alamar an gama ba. Big Ten yanzu makaranta 18 ce daga gaɓa zuwa gaɓa, SEC 16, Big 12 ma 16, kuma duk wani babban motsi da aka yi a baya ya zo ne dab da ƙarewar wani kwantiragi. Na Big Ten zai ƙare 2030, na Big 12 a 2031, na SEC a 2034, kuma daidai wannan lokacin ne kuɗin fita daga ACC zai sauka ƙasa, ga su Florida State da Clemson da North Carolina da Miami duk ana ambatar sunayensu. Abin da nake tsoro shi ne zagaye na gaba ya wuce ɗaukar sabbin membobi, manyan cikin Big Ten da SEC su fara tambayar don me suke raba kuɗi daidai da ƙananan cikinsu, tunda ACC ta riga ta buɗe wannan ƙofar a 2025.