Ƙa'idar wanke kwalaben awo kafin a auna gubar dalma: abin da ta ce da dalilinta

Ma'aunin ingancin ruwan sha na Najeriya, wanda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta fitar a 2007 da lamba NIS 554, ya ce kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a kowace lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a nan ta tsaya. In kana son ka ga ƙanƙantar wannan adadi, ɗauki kwatan dunƙulen magi, kimanin giram ɗaya ke nan, ka narkar da shi a ruwan da zai cika tankokin mai uku masu cin lita 33,000. Wanda aka ɗora wa auna abu kamar wannan, kwalbar da ke hannunsa kaɗai ta isa ta sa shi faɗin ƙarya bai sani ba. Shi ya sa aka yi wa kwalaben ɗakin gwaji ƙa'ida tasu. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, bai kamata mu ɗauki wannan ƙa'ida a matsayin fitinar malaman kimiyya ba.

Ƙa'idar daga wuri biyu take. Ƙungiyar ISO mai tsara ma'aunai na ƙasa da ƙasa ita ta tsara yadda ake ƙera kwalbar awo mai dogon wuya da yadda ake aiki da ita, a ISO 1042 da ISO 4787. Ita kuma hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta rubuta hanyar auna ƙarafa a ruwa mai lamba 200.8, wadda gyaranta na 1994 ya shahara. A Amurka hanyar tana cikin waɗanda doka ta amince a kafa hujja da su kan ruwan sha da ruwan masana'anta. A wajenmu ba dokar majalisa ba ce, amma duk ɗakin gwajin da ya rubuta a takardar sakamako cewa da ita ya yi aiki, to ya ɗaure kansa da sharuɗɗanta.

Bari mu fara da ɓangaren ISO, don shi ne mai sauƙi. Kwalbar awo aji biyu ce. Mai cin mililita 100 ta ajin A, kuskuren da aka yafe mata bai wuce mililita 0.10 ba, ta ajin B kuwa ninkin haka. A jikinta za ka ga an rubuta “In”, ma'ana abin da ta riƙe a cikinta shi ne awon. Fifet da biret kuwa, wato bututun gilashi na ɗiba da zuba ruwa da awo, “Ex” ake rubuta musu, awonsu shi ne abin da suka zubar. Saman ruwa a wuyan kwalba yakan lotsa kamar jinjirin wata a kwance, sai ka daidaita ido da layin, ƙasan lotsawar ya taɓa shi. Idan ruwan ya yi duhun da ba a ganin ƙasansa, kamar ruwan famanganet mai kauri, sai a karanta daga gefen sama.

Akwai kuma “20 °C” da ke jikin kwalbar, wanda yawancinmu ba ma kula da shi. A wannan zafin aka daidaita ta. Ruwan da ya kai digiri 35 ya kumbura da kusan kashi 0.4 cikin ɗari, wato mililita 0.4 a kwalbar mililita 100, ninki huɗu na kuskuren da aka yafe wa ajin A. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, in wuta ta ɗauke na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, wannan lissafi a gabanka yake. ISO ta san da ƙasashe masu zafi, har ta yarda su ɗauki digiri 27 a madadin 20, sai dai kwalaben da ke shigowa kasuwanninmu galibi 20 ɗin ke jikinsu. Haka nan in ka tsarma asid mai ƙarfi a ruwa zai yi ɗumi. Sai ka bari ya huce kafin ka ciko zuwa layi.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne tsakanin gilashi da ƙarfe. Gilashi a ido santsi gare shi, amma fuskarsa tana da caji mai jan ƙarfen da ya narke a ruwa ya manne mata, kamar yadda sabuwar randa ke shanye ruwan farko da aka zuba mata. Ɓarnar ta fuska biyu ce. In ruwan da ka zuba dalmarsa kaɗan ce, kwalba ta sace wani kaso, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya, a ce wa mutanen gari rijiyarsu lafiya lau. In kuwa jiya ta riƙe ruwa mai ƙarfe da yawa, yau sai ta amayar da shi cikin sabon samfur, a rufe rijiyar da ba ta da laifi. Ruwan dalma da ake saye don daidaita na'ura yakan zo da miligiram 1,000 a lita. Ɗigo ɗaya nasa, mililita 0.05, in ya saura a kwalbar mililita 100, ya isa ya sa ruwa mai tsabta ya nuna ninki 50 na iyakar da SON ta sa.

Saboda haka hanya ta 200.8 ta ce a jiƙa kayan aiki su kwana a sabulun ɗakin gwaji, a ɗauraye, sannan a tsoma su awa huɗu ko fiye a ruwan asid ɗin naitirik mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari, ko gaurayensa da haidirokulorik, a sake ɗaurayewa da tataccen ruwa. Asid ɗin ne ke ture ƙarfen daga jikin gilashi ya maye gurbinsa. Dalilin ke nan da ya sa shi ma samfurin ruwan ake ɗiga masa naitirik har pH ɗinsa, wato awon tsaminsa, ya sauka ƙasa da 2, a bar shi awa 16, a sake dubawa. In an yi haka yana iya kai wata shida a ajiye, ban da na zaiba, wanda kwana 28 kawai aka ba shi.

Sharaɗin da na fi son masu aiki a Kano su riƙe shi ne haramcin wanke kwalba da asid ɗin kiromik, wanda ƙarfen kiromiyam ke cikinsa. Tsofaffin ma'aikata suna ƙaunarsa, don yana fitar da maiƙo kwalba ta fito tas. Na taɓa aiki a wani ɗakin gwaji inda tulunsa ke ajiye ƙarƙashin famfo, ruwan lemo-lemo da ya fara komawa kore don tsufa, kuma a kan teburin da ke samansa ake auna kiromiyam na ruwan da ke fitowa daga masana'antun jima. Wata ɗaliba ta kawo min takardarta rai a ɓace, ta ce, “Malam, ko tataccen ruwa na sa wa na'ura sai ta nuna kiromiyam.” Na ce ta nuna min inda take wanki. Ta buɗe ƙofar ƙarƙashin famfon. Wata guda ta yi tana auna abin wankinta tana zaton dattin majema ne. Duk mai gwada ruwan Challawa ko Sharada, inda iyakar miligiram 0.05 na kiromiyam a litar ruwan sha ke da muhimmanci ga masu rijiyoyin kewaye, ya fitar da wannan tulu daga ɗakinsa.

Akwai wuraren da gilashin kansa ne bai dace ba. Asid ɗin haidirofulorik cin gilashi yake yi, ya ɓata awon kwalbar har abada. Mai neman boron ko silika ma da roba zai yi aiki, tunda da su aka yi gilashin. Kuma kwalbar awo ba ma'ajiya ba ce: in ka gama haɗa ruwan ƙarfe ka juye shi a gorar roba da aka wanke da asid. Wanda ke da hali ya ware kwalaben ruwa mai ƙarfe da yawa daban da na samfur, ya yi musu alama da fenti.

Na san kukan da za a yi, naitirik mai tsabta da tsada, kwalaben ajin A ba su wadata ba. Gaskiya ne. Amma akwai sharaɗi ɗaya da ba ya cin kuɗi sosai, kuma shi ke tona asirin sauran. Hanyar ta wajabta cewa a kowane rukunin samfur 20 ko ƙasa da haka, a bi da tataccen ruwa zalla ta cikin kwalabe ɗaya da asid ɗaya, a auna shi kamar samfur. In ya nuna ƙarfe fiye da kima, sai a nemo inda dattin ya shigo, a sake aikin rukunin. Idan ƙungiyar unguwarku ta kai ruwan burtsatse gwaji aka miƙo muku takarda, ku tambayi mai awon da wace hanya ya yi aiki, sannan ku ce ya nuna muku abin da tataccen ruwan ya nuna a ranar da ya auna naku.