Hilary Mantel da rubutunta kan jiki da ciwo

Hilary Mantel marubuciyar ƙagaggun labarai ce 'yar Ingila, an haife ta ran 6 ga Yuli 1952 a garin Glossop, ta rasu ran 22 ga Satumba 2022 tana da shekara 70. Yawanci an fi saninta da littattafai uku da ta yi kan Thomas Cromwell, na hannun daman Sarkin Ingila Henry na Takwas, biyu daga ciki, Wolf Hall da Bring Up the Bodies, suka ci babbar kyautar adabi ta Booker a 2009 da 2012, ita ce ma mace ta farko da ta ci sau biyu. Amma fa abin da ta rubuta kan jikinta shi ma ba baya ba ne, musamman a littafin tarihin rayuwarta Giving Up the Ghost na 2003.

Tun tana jami'a tana karatun lauya ciwon mara da kasala suka sa ta a gaba, likitoci suka ce wai damuwa ce kawai, suka ɗora ta kan magungunan ƙwaƙwalwa masu ƙarfi da suka ƙara dagula mata lissafi, har wani likitan ya ce ta daina rubutu. Sai da ta bi mijinta Botswana a 1977 sannan ta zauna da littattafan likitanci tana bi shafi-shafi har ta gano abin da kanta, endometiriyosis, wato tsoka irin ta cikin mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifar tana zubar da jini a inda ba hanyar fita. Karatu dai shi ya yi mata aikin da asibiti ya kasa. Da ta koma Landan aka yi mata tiyata tana da shekara 27, aka cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa, al'ada ta ɗauke lokaci guda, abin da sai an manyanta ake gani ita tun da ƙuruciya ya same ta.

Maganin da aka ba ta daga baya ya sa ta yi ƙiba sosai cikin ɗan lokaci, mace da aka sani siririya tun tana yarinya sai ga shi kayanta duk sun daina shigarta, ta rubuta cewa ta koma zama cikin jikin da ba ta gane shi ba. Nan ne gaskiya rubutun nata ya fi kaifi, don ba ta neman a tausaya mata, da barkwanci mai ɗaci take faɗa. Cikin fatalwar da take nufi a sunan littafin Giving Up the Ghost (ghost shi ne fatalwa da Turanci) har da 'yar da ba ta samu haifa ba, wadda ta riga ta raɗa wa suna Catriona. A labarinta Beyond Black na 2005 ma tauraruwar mace ce mai jiki da ke magana da matattu.

A 2013 ta yi lacca mai suna Royal Bodies kan yadda ake kallon matan gidan sarauta kamar jiki da haihuwa ne kaɗai amfaninsu, ta kawo misali da Kate Middleton, matar Yarima William, jaridun Birtaniya suka ɗauko 'yan jimloli suka ce zagi ne, har Firaministan lokacin David Cameron ya soke ta, ita ko ta ce ba abin da za ta janye.